Kitsen Hanta da Maganin Itatuwa: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya a faɗa wa mutum cewa akwai kitse a hantarsa ya kwana biyu bai samu wanda ya ba shi sunan wani ganye, saiwa ko kafso ba. Wasu masu ba da shawarar tsakani da Allah suke yi, wasu kuwa hajarsu suke talla. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, da amsoshinsu gwargwadon abin da bincike ya tabbatar.

An yi mini hoton ciki an ce akwai kitse a hantata. Me ake nufi?

Kowace hanta tana da ɗan maiƙo, ba laifi ba ne. Sai ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyin hantar likitoci ke kiran sa cuta. Iri biyu ne manya: wanda giya ke jawowa, da wanda ke tafe tare da ƙiba, tumbi, ciwon suga, hawan jini da yawan maiƙo a jini. Na biyun ne ya game duniya, domin kiyasi ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na manya suna da shi, akasarinsu ba su ma sani ba. A da ana taƙaita sunansa da NAFLD, amma a 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya shi zuwa MASLD, don sunan ya nuna asalin matsalar, wato rikicewar yadda jiki ke sarrafa suga da maiƙo. Kowanne ka gani a takardar sakamakonka, abu ɗaya ne.

Yadda abin ke faruwa shi ne: idan jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ma'ajiyar kitsen da ke ƙarƙashin fata da cikin ciki sai ta riƙa sako maiƙo zuwa hanta, ita kuma hantar ta ƙara ƙera nata daga rarar suga da sitaci. Abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita, sai ya taru.

Ni ba na jin ciwon komai. Ina abin damuwa?

Hanta ba ta da ƙorafi, kuma wannan haƙurin nata shi ne hatsarin. Yawancin masu kitsen hanta za su ƙare rayuwarsu bai kai su ga mummunan hali ba. Amma a wani kaso daga cikinsu kitsen kan jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya yi ta haɗuwa shekara da shekaru har hantar ta yi tauri ta ƙanƙance, matakin da likitoci ke kira sirosis. Daga nan ne ake fargabar taruwar ruwa a ciki, aman jini da kansar hanta.

Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ka yi wa likita ita ce: "Tabo nawa ne a hantar?" Yawan tabo shi ya fi nuna inda cutar ta dosa, fiye da yawan kitsen. Akwai lissafi mai sauƙi da ake kira FIB-4, wanda ke amfani da shekarunka, sakamakon AST da ALT (sinadaran hanta da ake aunawa a jini, waɗanda kan hau idan ta taɓu), da adadin ƙwayoyin daskarar da jini. Ƙasa da 1.3 hatsari kaɗan ne, sama da 2.67 sai an tura mutum wurin ƙwararre. Akwai kuma na'urar FibroScan mai auna taurin hanta ba tare da an soka allura ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba: abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, hantar na zuwa daga baya.

Kai tsaye: akwai ganye ko saiwar da aka tabbatar tana warkar da shi?

Babu. Ya zuwa yanzu ba wani maganin itace da babban gwaji ya nuna yana kawar da kumburi da tabon hanta, kuma ba wanda manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da Amurka suka sa a jerin magungunan wannan cuta.

Wannan ba raini ba ne ga tsirrai. Metfomin da masu ciwon suga ke sha, tushensa wani tsiro ne na Turai mai suna Galega officinalis. Atemisinin na zazzaɓin cizon sauro daga tsiron Artemisia annua aka ciro shi, aikin da ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma dubi hanyar da suka bi: an ware sinadarin, an auna shi, an gwada a kan dubban mutane, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Abin da magungunan kitsen hanta na itatuwa suka rasa ke nan. Gwaje-gwajen da ake da su galibi ƙanana ne, mutum 40 ko 80, na wata biyu ko uku, kuma abin da suke aunawa sakamakon jini ne ko hoton ciki, alhali cutar ta shekaru 20 ce. Da yawa daga cikin "binciken" da ake kafa hujja da su a talla ma a kan ɓeraye aka yi.

To silimarin fa? Har likitoci na rubuta shi.

Shi ne ya fi kowa suna, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ana ciro shi daga 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya, Silybum marianum, wanda Turawa suka daɗe suna amfani da shi don hanta. Yana da wani aiki na gaske: a wasu ƙasashen Turai ana ba da wani sinadari nasa ta jijiya ga wanda ya ci naman kaza (laimar kwaɗi) mai dafi na jinsin Amanita phalloides. Sai dai allurar gaggawa a asibiti daban, kafson da mutum ke haɗiya a gida daban, don hanji ba ya tsotsar silimarin sosai.

Gwajin da ya fi ƙarfi a kan kitsen hanta shi ne wanda aka yi a Malesiya aka wallafa a 2017. Mutum 99 aka raba gida biyu, wasu suka sha miligiram 700 sau uku a rana na tsawon mako 48, wasu suka sha kafson da ba komai a ciki, kuma an ɗebi tsokar hanta kafin farawa da bayan gamawa. Babban abin da aka sa a gaba, raguwar tsananin cutar, bai bambanta a fili tsakanin ɓangarorin biyu ba. An ga alamar tabo ya ɗan ragu a waɗanda suka sha, abin da masu binciken kansu suka ce sai an sake gwadawa. Haka wani gwaji a Amurka a 2012 a kan masu ciwon hanta nau'in C ya tashi ba tare da silimarin ya sauke ALT ba.

A ra'ayina, abin yabonsa ɗaya ne: ba kasafai yake cutarwa ba. Wanda ya sha shi ya ci gaba da gyara cimarsa bai yi asarar komai ba sai kuɗi. Wanda ya sha shi ya miƙe ƙafa yana ganin ya gama magani, shi ne ya yi asara.

Kurkum ba ya rage kumburi? Ko'ina ana yabonsa.

A nan sai an bambance abu biyu da ake haɗawa wuri guda. Garin kurkum da ake barbaɗawa a girki ba shi da matsala, domin sinadarin kurkumin da ke cikinsa kaɗan ne, kuma yawancinsa wucewa yake yi bai shiga jini ba. Kamfanoni sun ga wannan a matsayin naƙasu, sai suka tattara kurkumin zalla a kafso, suka haɗa da fiferin, sinadarin baƙin masoro, wanda wani bincike na 1998 ya nuna yana ninka shigarsa jini har sau 20.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya suka tattara rahoton mutum fiye da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso. A Amurka wani rahoto na 2022 ya bayyana mutum 10, biyar sun kwanta asibiti, ɗaya ya rasu, kuma bakwai daga cikinsu suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar gado iri ɗaya. Ma'ana wasu jikinsu ne ba ya jituwa da shi tun asali, kuma ba yadda za su sani sai sun sha. Hukumar magunguna ta Ostireliya ma ta fitar da gargaɗi a 2023. E, akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna kurkumin na ɗan rage kitsen hanta. Amma a ɗauki abin da aka san yana iya kumbura hanta a ba mai hanta mai rauni saboda ɗan amfanin da ba a tabbatar ba, garin neman gira ne a rasa ido.

Koren shayi da gahawa fa?

Labarin koren shayi irin na kurkum ne. Wanda aka dafa aka sha a kofi lafiya lau. Wanda aka tace aka dunƙule a kafson rage ƙiba shi ne abin tsoro, musamman idan aka sha shi ciki ba komai. A 2003 Faransa da Sifen suka janye wani irin wannan kafso mai suna Exolise daga kasuwa saboda lahanin hanta, kuma a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce miligiram 800 ko fiye na sinadarin EGCG na koren shayi a rana na iya ɗaga alamun lahanin hanta a jini.

Gahawa kuwa, abin mamaki, ita ce tsiron da ya fi samun shaida. Bincike da yawa a ƙasashe daban-daban sun ga cewa masu shan kofi biyu zuwa uku a rana sun fi ƙarancin tabon hanta da kansarta. Lura aka yi da mutane, ba gwajin raba gida biyu ba, don haka ba za a kira ta magani ba. Idan kana sha kuma ba ta hana ka barci ko sa maka bugun zuciya, ci gaba, amma ba tare da ka cika ta da suga ba.

Ai abin da Allah ya tsiro daga ƙasa ne, ta yaya zai lalata hanta?

Dafin maciji ma ba a masana'anta ake yin sa ba. Ka tuna aikin hanta: duk abin da hanji ya tsotsa, ta wurinta yake fara bi kafin ya isa sauran jiki. Ita ce mai tsaron ƙofa, ita ke fara karɓar duka. Ba ta tambayar ko sinadari daga ganye ya fito ko daga kwalbar kamfani, farfasa shi kawai take yi, kuma wani lokacin abin da ke fitowa daga farfasawar ya fi na farkon dafi.

Misalan suna da yawa. A farkon shekarun 1990 an sayar da wani tsiro mai suna jamanda a Faransa don rage ƙiba, mutane suka yi ta kamuwa da kumburin hanta, aka haramta shi a 1992. Tsiron kaba (kava) na tsibiran Fasifik, Jamus ta dakatar da shi a 2002 kan irin wannan zargi. Tsiron kamfari (comfrey) da danginsa suna da sinadaran da ke toshe ƙananan jijiyoyin hanta. A Indiya, lokacin annobar korona, likitoci sun ba da rahoton mutane da dama da hantarsu ta taɓu bayan shan wani tsiro mai suna giloyi don ƙarin garkuwar jiki. Ashwaganda, da ake tallatawa don barci da kwanciyar hankali, shi ma an samu masu ciwon shawara bayan shansa. A Amurka, cibiyar da ke bin diddigin lahanin hanta daga magunguna ta ga kason da magungunan itatuwa da na ƙarin kuzari ke jawowa ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 20 cikin 100 a tsakanin shekaru 10.

Sannan akwai abin da ba a rubuta a jikin kwalba ba, wanda a ganina ya fi tsiron kansa hatsari. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masu binciken suka sayi magungunan gargajiyar Indiya guda 70 a shagunan Boston, suka samu dalma, zaiba ko asenik a cikin 14. An sha kama haɗe-haɗen da aka zuba musu magungunan asibiti a ɓoye, irin su siteroyid da magungunan kashe zafi, don mai sha ya ji sauƙi nan take ya dawo ya ƙara saye. Ganye ko saiwar da ba ta bushe da kyau ba tana iya yin fumfuna mai dafin aflatoksin, wanda aka tabbatar yana jawo kansar hanta. Kuma a ƙasashe da yawa doka ba ta buƙatar a gwada irin waɗannan kaya kafin su shiga kasuwa. A Amurka, misali, dokar 1994 ta bar wa kamfani alhakin ingancin kayansa, hukuma sai bayan an samu matsala take shigowa.

Ana sayar da shayin "wanke hanta" na kwana bakwai ko goma. Yana aiki?

Hanta ba tukunya ba ce da za a sa soso a kankare. Kitsen yana cikin ƙwayoyin halittarta ne, ba ya fita ta bayan gida. Yawancin waɗannan shayi maganin sa zawo ne da yawan fitsari. Mutum ya ga cikinsa ya lafa, sikeli ya nuna ya ragu, ya ɗauka datti ne ya fita, alhali ruwan jikinsa ne.

Amma ni na sha wani haɗi, aka sake gwaji ALT ɗina ya sauka. Wannan ba hujja ba ce?

Madalla da saukar, sai dai ba ta isa hujja ba. ALT yana hawa yana sauka da kansa daga wata zuwa wata, kuma mutum kan je gwaji ne lokacin da ya hau, don haka gwaji na gaba sau da yawa ƙasa zai nuna ko an sha magani ko ba a sha ba. Ban da haka, tambayi kanka me ka sauya a waɗannan watannin. Wanda aka tsoratar da shi da zancen hanta yakan rage lemon kwalba, ya rage ci da dare, ya fara tattaki, sai yabon ya tafi ga jiƙon. Kuma ALT na iya zama daidai a jikin wanda tabo ya riga ya yi nisa a hantarsa.

To mene ne aka tabbatar yana aiki?

Rage nauyi, kuma a nan alƙaluman a fili suke. Rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen. Kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi a yawancin mutane. Kashi 10 ko fiye yana iya sa tabon ma ya ja baya. Mai kilo 90 ke nan yana neman sauke kilo 6 zuwa 9, a hankali, kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Rage shi da gaggawa ta hanyar horon yunwa na iya jawo tsakuwa a matsarmama, ya kuma ƙara wa hantar wahala.

Idan abu ɗaya kawai za ka iya bari, ka bar abin sha mai suga, har da ruwan 'ya'yan itace na kwali. Furuktos, nau'in sugan da ke cikinsu, hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, kuma cikin sauƙi take mayar da shi kitse. Sai rage farin sitaci da soye-soye, a ƙara ganyayyaki, dangin wake, hatsin da ba a surfe ba, kifi da man zaitun. Motsa jiki minti 150 a mako yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba, abin da ya kamata ya ƙarfafa gwiwar wanda ya yi wata biyu yana tattaki bai ga canji a madubi ba. Giya kuwa a bar ta gaba ɗaya.

Kowa ya san wannan ya fi haɗiyar kafso wuya, kuma wuyar ce jarin masu talla.

Asibiti ba su da magani ne?

An daɗe babu, yanzu an fara samu. A watan Maris na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin Rezdiffra ga masu kumburi da tabo matsakaici zuwa mai yawa waɗanda ba su kai sirosis ba, kuma a watan Agusta na 2025 ta amince da allurar Wegovy ga irin waɗannan marasa lafiya. Kafin su, likitoci kan yi amfani da bitamin E ga wasu marasa ciwon suga, bisa wani gwaji na 2010, ko fiyogilitazon ga masu suga. Duka ba na saye da kai ba ne, bitamin E ɗin ma yawansa na da illa. Waɗannan magunguna na masu tabo ne. Mai kitse kawai ba ya buƙatar su.

Ina shan maganin suga da na hawan jini. Zan iya haɗawa da na itace?

Sai da sanin likitanka. Berberin, wani sinadari da ake cirowa daga tsirrai, yana sauke suga, idan ya haɗu da maganin suga zai iya sauke shi fiye da kima, kuma bai dace da mai juna biyu ko mai shayarwa ba. Kafson tafarnuwa, citta ko kurkum na iya ƙara zubar jini ga mai shan wafarin ko asfirin. Wasu tsirran kuma suna sa hanta ta gaggauta ko ta jinkirta farfasa wasu magunguna, sai maganin ya rasa ƙarfi ko ya taru ya yi yawa. Kuskuren da ya fi waɗannan muni shi ne mutum ya ajiye maganin rage maiƙon jini, wato sitatin, wai don ya hutar da hanta. Sitatin ba shi da laifi ga yawancin masu kitsen hanta, kuma zuciyar da yake karewa ita ce ta fi shiga hatsari.

Ni siriri ne, ban taɓa shan giya ba. Daga ina?

Yana faruwa. Akwai gado, misali wani nau'i na ƙwayar halittar PNPLA3 da aka gano alaƙarsa da cutar a 2008, akwai kuma kitsen da ke ɓuya cikin ciki ba ya nunawa a waje. Amma kafin a yanke hukunci, sai an gwada ciwon hanta nau'in B da C, an duba suga da maƙoƙo, an kuma bi magungunan da kake sha ɗaya bayan ɗaya, domin siteroyid, amiyodaron, metotireksit da tamoksifen duk suna iya tara kitse a hanta. Mai nau'in B da ya ɓata shekaru yana shan jiƙo don "kitse" ya bar maganin da zai iya danne ƙwayar cutar.

Idan duk da haka na yanke shawarar gwada wani, me zan kiyaye?

Da farko ka san matakin tabonka. Mai sirosis, mai juna biyu, ƙaramin yaro da mai ciwon ƙoda su nisanci abin baki ɗaya. Ka ɗauki kwalbar ko ƙullin ka kai wa likita ya gani da idonsa, kuma kada kunya ko tsoron faɗa ya sa ka ɓoye masa, don idan hanta ta taɓu tambayarsa ta farko ita ce me ka sha. Tsiro ɗaya da aka san sunansa ya fi haɗin iri 15 da mai shi ya ce sirri ne. Kada ka fara abu biyu lokaci guda, in ba haka ba ba za a gane mai laifin ba. A yi gwajin jini kafin farawa, a maimaita bayan mako huɗu zuwa takwas, domin lahanin irin waɗannan magunguna yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya bayyana.

Idan farin idonka ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya kama ƙaiƙayi, ko tashin zuciya da kasala suka ƙi tafiya, ka daina sha a ranar ka tafi asibiti da kwalbar a hannu. Kada ka yarda da mai cewa cutar ce ke fita. Ruɗewa, yawan barci da rana, kumburin ciki, aman jini ko baƙin bayan gida kuwa ba sa jiran wayewar gari.